Gwajin ƙwaya a caji ofis: me ya sa hujjar Ingila ba ta gamsar da ni ba

Idan 'yan sanda suka kama baligi a Ingila ko Wels bisa zargin sata, fashi, fasa gida ko sayen kayan sata, doka ta ba su ikon ɗibar yawunsa tun ba a tuhume shi da komai ba. Ana goga wani ɗan tsinke mai auduga a cikin bakinsa, a sa a na'ura, cikin 'yan mintoci sakamako ya fito. Abu biyu ake nema: hiroyin da hodar iblis, har da nau'inta da ake zuƙa, wato kirak. Idan gwajin ya nuna ya sha, dole ya je ya zauna da ma'aikacin kula da mashaya, a yi masa tambayoyi a kan shaye-shayensa. Idan ya ƙi bayar da yawun, ko ya ƙi zuwa zaman, wannan ma laifi ne mai zaman kansa, hukuncinsa zai iya kaiwa ɗaurin wata 3 ko tarar fam 2,500, ko da daga baya an wanke shi daga zargin da aka kama shi a kai tun farko.

Na san abin da kake rayawa a zuciyarka: to mene ne aibun wannan? Ai dabara ce. Mutumin da jarabar hiroyin ta kama yana buƙatar kuɗi kullum, ba ya iya riƙe aiki, sai ya shiga kanti ya ɗauki abin da zai sayar. A kama shi, a ɗaure, ya fito, ya koma. Idan aka gano shi a caji ofis aka tura shi wurin magani, shi ya huta, masu kantin sun huta, gidan yari ma ya samu sauƙi. Duk wanda ya ji wannan bayani zai gyaɗa kai. Sai dai bayani mai daɗin ji shi ne ya fi buƙatar a zauna a bincike shi, domin ba kasafai ake tambayar sa hujja ba.

Daga ina abin ya taso

A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike a Birtaniya, Trevor Bennett da Katy Holloway, sun riƙa shiga ofisoshin 'yan sanda suna roƙon waɗanda aka kama su ba da fitsari don bincike kawai, ba don shari'a ba. Sun kwaikwayi wani tsari ne da Amurka ta riga ta fara. Abin da suka samu ya tayar da hankalin gwamnati: kusan kashi 7 cikin 10 na waɗanda aka gwada akwai wata ƙwaya a jikinsu, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuwa hiroyin ce ko hodar iblis. A daidai lokacin wani babban bincike da aka fara a 1995, wanda Michael Gossop ya jagoranta, yana nuna cewa mashayan da suka shiga magani laifukansu na raguwa sosai.

Gwamnatin Tony Blair ta haɗa waɗannan biyu ta ɗinka manufa. Dokar shekarar 2000 ta ba da damar a gwada mutum bayan an tuhume shi. A 2003 aka kafa shirin da aka fi sani da DIP, takensa shi ne a fitar da mutum daga laifi a shigar da shi magani. Dokar ƙwayoyi ta 2005 ta matso da gwajin gaba, daga lokacin tuhuma zuwa lokacin kamu, ta kuma wajabta zama da ma'aikacin. An fara aiki da ita a Disamba 2005 a yankuna uku, Manchester da kewayenta, Kudancin Yorkshire da Nottinghamshire, sannan aka faɗaɗa a 2006. Akwai jerin laifukan da ke jawo gwajin kai tsaye, galibinsu na neman kuɗi ne. Wani abin da zai ba ka mamaki, har bara aka sa cikin jerin. Idan laifin ba ya ciki, sufeto na iya ba da izini in yana da dalilin zargin ƙwaya ce ta jawo shi.

Abin da yawu ke iya faɗa

Mu fara da na'urar kanta, don a nan kimiyyar take.

Gwajin gaggawa irin wannan yana aiki ne da sinadaran garkuwar jiki da aka haɗa a ɗakin bincike, waɗanda aka tsara su damƙi abu mai wata siffa ta musamman. Ka ɗauke su kamar kwaɗo: makullin da ya dace da raminsa ne kaɗai zai buɗe shi. Matsalar ita ce wasu makullan sun yi kama da juna ƙwarai. Hiroyin ba ta daɗewa a jini, cikin mintoci jiki ke mayar da ita wani sinadari da ake kira 6-MAM, daga nan ta koma mofin. Don haka kwaɗon da aka ƙera, siffar mofin yake nema. To kodin ma ɗan gidan ne, siffarsa ta yi kama da ta mofin, kuma hanta na mayar da wani kaso nasa mofin ɗin. A Ingila kana iya sayen maganin ciwo mai ɗan kodin haɗe da farasitamol a kemis ba tare da takardar likita ba. Mai ciwon haƙori da ya sha irinsa da safe, aka kama shi da rana, na'urar tana iya nuna shi daidai da mai allurar hiroyin.

A yi musu adalci, sun san da wannan. Idan mutum ya musanta sakamakon, ko ya ce ya sha magani, ana aika samfurin babban ɗakin gwaji, inda wasu na'urori ke rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya bisa nauyinsu, su iya ganin 6-MAM wanda hiroyin ce kawai ke bari. Saboda haka kuskuren na'ura ba shi ne babban abin da ke damuna ba.

Abin da ke damuna shi ne ko da na'urar ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba, tambaya ɗaya take amsawa: shin wannan sinadari ya shiga jikin nan cikin kwana ɗaya ko biyu da suka wuce? Iyakar abin da yawu ke riƙewa kenan a galibi. Ba ta san sau nawa mutum ke sha ba, ba ta san ko zai iya bari ba, ba ta san ko shan ne ya kai shi ga laifin ba. Jaraba kuwa, a wurin likitoci, ba a auna ta da sinadari. Ana gane ta ne da hali: mutum ya kasa sarrafa shan, ya ci gaba duk da ya ga yana cutar da shi, jikinsa ya riƙa neman ƙari, in ya daina ya shiga ciwo. Wannan sai da hira da tarihi.

Ga inda abin ya fi fitowa fili. Gwajin ba ya bambanta garin hodar iblis da kirak, sinadari ɗaya yake gani. Amma masu shan su sau da yawa mutane ne daban. Akwai mai aikin yi da ya shaƙi hodar a wurin casu daren Asabar, aka kama shi da ita a aljihu. Akwai kuma wanda ke kwana a titi, yana zuƙar kirak sau da yawa a yini yana haɗawa da hiroyin. A fuskar na'ura duk ɗaya ne. Ta wani ɓangaren kuma, mai jarabar hiroyin na gaske da ya yi kwana uku bai samu ba, wanda watakila rashin ne ma ya sa ya fita sata, yana iya fitowa fes. Wanda giya ce matsalarsa, alhali giya ce ta fi kowace ƙwaya alaƙa da faɗa da duka a Birtaniya, wannan gwaji bai ma san da zamansa ba.

Da aka mayar da gwajin lokacin kamu, adadin waɗanda ake gwadawa ya ƙaru, kuma rahoton ma'aikatar cikin gida da kanta ya nuna cewa cikin sababbin da tarun ya kamo, kason masu ƙarancin tarihin laifi ya fi na da. Za ka iya kiran wannan nasara, ka ce an kama su da wuri. Za ka kuma iya cewa an cika ofishin ma'aikacin da mutanen da ba sa buƙatarsa, yayin da manyan masu buƙatar, waɗanda aka kama sau ashirin, dama kowa ya san su, daga ɗan sandan da ke kanta har ma'aikacin asibitin. Ba a buƙatar auduga kafin a gane su.

Zama da ma'aikaci ba magani ba ne

Mutane da yawa na ɗauka cewa dokar ta tilasta wa mashayi shiga magani. Ba haka take ba. Abin da ta wajabta shi ne ya halarci zaman tantancewa ya kuma tsaya har a gama. Bayan nan, karɓar magani ganin damarsa ne, sai fa in maganar ta kai gaban kotu, inda alƙali ke iya sa shiga magani cikin sharuɗɗan beli.

Ka ƙirga matakan da ke tsakanin audugar da warkewa. A gwada. Sakamako ya nuna ya sha. A ba shi rana. Ya zo. Ma'aikaci ya ga yana buƙatar magani. Ya yarda. A samu gurbi. Ya je ranar farko. Ya ci gaba da zuwa wata da watanni, don magani irin wannan ba na mako guda ba ne. A kowane mataki mutane na zubewa, kamar ɗibar ruwa a kwando. Kuma wa muke magana a kai? Mutumin da sau da yawa ba shi da tsayayyen wurin kwana, wayarsa yau tana hannunsa gobe ya sayar, ga ciwon ƙwaƙwalwa a wasu lokutan. A ba irin wannan takarda a ce ya zo ranar Talata ƙarfe goma, in bai zo ba ya aikata sabon laifi. Wato wanda rayuwarsa ta fi rikicewa, wanda aka ce don shi aka yi shirin, shi ne ya fi kusa da samun ƙarin hukunci daga shirin.

Adadin gwaje-gwajen da aka yi abu ne mai sauƙin ƙirgawa, ana samunsa a ranar, yana kuma da kyau a rahoto. Adadin waɗanda suke cikin magani bayan wata shida saboda gwajin, waɗanda da ba don shi ba ba za su shiga ba, shi ne mai wuyar samu, kuma shi ne kaɗai ke gaya maka ko kuɗin ya yi amfani. Wani mai bincike, Tim McSweeney, da abokan aikinsa sun bi sawun waɗanda gwaji ya nuna sun sha a wani yanki na Ingila, suka kwatanta waɗanda suka halarci zaman dole da makamantansu da ba su halarta ba. Ba su ga halartar ta ƙara shiga magani ba, ba su kuma ga ta rage komawa ga laifi ba. Bincike ɗaya ne a yanki ɗaya, ba zai yanke hukunci a kan ƙasa gaba ɗaya ba. Amma yana cikin 'yan ƙalilan da suka yi tambayar da ta dace.

Kashi 26 cikin ɗari

Yanzu ga lambar da aka fi jinginuwa da ita. A 2007 ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta fitar da rahoto a kan mutum 7,727 da suka shiga DIP ta hanyar gwajin. An kwatanta laifukansu na wata shida kafin shiga da na wata shida bayan shiga, aka ga jimillar ta ragu da kashi 26 cikin ɗari. Kusan rabinsu laifukansu sun ragu ƙwarai, da kusan kashi 79 cikin ɗari. Wannan lamba ta yi yawo a jawaban 'yan siyasa shekara da shekaru.

Ina so ka tsaya a nan tare da ni, don abin da zan faɗa ya wuce maganar ƙwaya, zai yi maka amfani duk inda aka nuna maka "kafin" da "bayan".

Yaushe mutum ke zuwa neman maganin mura? Ba ranar da ya fara atishawa ba, sai ranar da ta kwantar da shi. To daga ranar da ta fi tsanani, ina ta nufa? Sauƙi, ko ya sha magani ko bai sha ba. Idan ka ba shi ruwan pampo ka ce magani ne, bayan kwana uku zai zo ya yi maka godiya. Duk abin da ke hawa da sauka, in ka zaɓe shi a lokacin da ya kai ƙololuwa, awon da za ka yi a gaba zai fi kusa da yadda ya saba. Francis Galton ya bayyana wannan a 1886, da ya lura cewa 'ya'yan dogayen iyaye ƙwarai sukan yi tsawo amma ba su cika kamo iyayen ba. Masana lissafi na kiran abin komawa ga matsakaici.

Laifin mashayi ma hawa da sauka yake yi. Akwai watannin da abubuwa ke lafawa, akwai watannin da komai ke dagulewa, an kore shi daga ɗaki, bashi ya taru, shan ya ƙaru, yana sata kusan kullum. A wane lokaci ya fi yiwuwa a kama shi? A lokacin dagulewar mana. Ke nan kamun da kansa ya zaɓo maka mutane a mafi munin lokacinsu. Ka auna su bayan wata shida, jimillar za ta sauka ko da ba ka yi musu komai ba, ko da shayi kawai ka ba su a caji ofis.

Ƙara da wannan: wasu daga cikinsu kotu ta tura su gidan yari bayan kamun, wanda ke tsare kuwa ba ya fasa kanti. Kamun kansa yana tsorata wasu su lafa na ɗan lokaci. Shekarun kuma lokaci ne da sata da fasa gidaje ke raguwa a Ingila gaba ɗaya, tun daga tsakiyar shekarun 1990, kafin a san da DIP, kuma haka suka ragu a ƙasashe da dama masu arziki da ba su da irin shirin. Sannan a cikin rahoton nan dai, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen laifukansu ƙaruwa suka yi. Ba wanda ya ce shirin ne ya lalata su, kuma daidai ne kada a ce haka. Amma in ba za a ɗora wa shirin laifin waɗanda suka ƙara lalacewa ba, da wace hujja za a ba shi ladan waɗanda suka gyaru?

Maganin duk wannan ruɗani sananne ne: rukunin kwatanci. Ka samu mutane iri ɗaya, da aka kama a kan laifi iri ɗaya, wasu a bi da su ta shirin, wasu a bi da su yadda aka saba, kuma ƙuri'a ce za ta raba su, ba zaɓin ɗan sanda ba. Bayan shekara ka duba. Idan na shirin sun ragu da kashi 26, na kwatancin sun ragu da kashi 25, ka san inda aka kwana. Wancan adadi na 2007 ba shi da irin wannan rukuni. Abin takaicin shi ne damar ta samu: tunda yanki-yanki aka riƙa shigo da tsarin, da an jefa ƙuri'a a kan wane ofishi zai fara, da an samu amsa a kan kuɗi kaɗan. An zaɓi wuraren ne bisa yawan laifinsu, wanda shi ma wani zaɓen ƙololuwa ne.

Inda masu goyon baya ke da gaskiya

Kada ka fahimce ni a kan cewa magani ba ya aiki. Ga masu jarabar hiroyin, magungunan metadon da bufrenofin na cikin abubuwan da aka fi tabbatar da amfaninsu a duk fannin. Suna zama a gurbin da hiroyin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, a hankali kuma na tsawon yini, sai ciwon rashi da ƙishirwar shan su kwanta, mutum ya samu sararin yin wani abu ban da neman kuɗin allura ta gaba. Bincike da dama da aka tattara sun nuna haɗarin mutuwa na raguwa da kusan rabi muddin mutum na kan maganin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Haka kuma ba gaskiya ba ne a ce duk wanda aka matsa wa lamba ba zai amfana ba. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Turai biyar, ciki har da Ingila, ya kwatanta waɗanda kotu ta ba zaɓi tsakanin magani da ɗauri da waɗanda suka kai kansu, aka ga sakamakonsu ya yi kusa da juna. In ka duba da kyau, ai wanda ake cewa ya kai kansa ma sau da yawa matarsa ce ta ce za ta tafi, ko uwa ta yi kuka, ko maigida ya yi barazanar kora. Matsi iri-iri ne. Amma a lura, zaɓi aka ba su. Inda aka tilasta wa mutane magani ba da yardarsu ba, nazarin da Dan Werb da abokansa suka yi a 2016 a kan bincike tara ya nuna galibinsu ba su ga amfani ba, wasu ma illa suka gani.

Kuma caji ofis wuri ne mai kyau na haɗuwa da mashayi, wannan ma na yarda. Mutum ne da ba ya zuwa asibiti, ga shi yau a zaune, ya firgita, watakila a shirye yake ya saurara. Tun kafin dokar gwaji akwai ma'aikatan da ke zagayawa ɗakunan tsaro suna tambayar waɗanda aka kama ko suna son taimako, ba auduga, ba barazana. Don haka tambayar da ya kamata a amsa ƙarama ce kuma takamaimai: me gwajin da barazanar hukunci suka ƙara a kan wannan tayin? Hujjar cewa metadon na aiki ba ta amsa ta. Ana yawan ɗauko ƙarfin hujjar maganin a lulluɓe raunin hujjar gwajin da shi, mai sauraro bai lura an sauya magana ba.

Sai batun hodar iblis. Har yau babu wani magani da aka amince da shi da ke yi mata abin da metadon ke yi wa hiroyin. Abin da ya fi nuna alamar aiki shi ne tsarin ba da 'yar kyauta, kamar takardar sayayya, duk lokacin da gwaji ya nuna mutum bai sha ba. Ka ga abin dariya a nan: gwaji na da amfani a cikin magani, amma inda hujjar ta fi ƙarfi shi ne inda ake saka wa mutum da alheri in ya fito fes. 'Yan siyasa kuwa ba sa son a ji suna ba mashaya kyauta.

Ƙofa ba ɗaki

Daga 2013 aka daina riƙe kuɗin DIP a tsakiya. Ɓangaren 'yan sanda ya koma hannun zaɓaɓɓun kwamishinonin yankuna, kuɗin magani ya koma hannun ƙananan hukumomi, a daidai lokacin da ake tsuke musu aljihu. Wasu yankunan suka rage gwajin, wasu suka ci gaba. Da gwamnati ta sa Dame Carol Black ta binciki lamarin, rahotanninta na 2020 da 2021 sun nuna cewa yankan kuɗi ya durƙusar da cibiyoyin magani: ƙwararru sun ragu, kowane ma'aikaci na riƙe da mutane fiye da ƙima, mace-macen ƙwaya kuma sun kai adadin da ba a taɓa gani ba. A Disamba 2021 gwamnati ta fito da sabon tsari na shekara goma, ta ware fam miliyan 780 don farfaɗo da magani. Wannan ya yi kyau. A cikin tsarin kuma aka sake faɗaɗa gwaji a lokacin kamu, kusan da hujjar da aka kafa a 2005.

Ka yi tunanin shekarun da ke tsakani. Ana gwada mutum, ana yi masa barazanar ɗauri in bai je zama ba, ya je, a tura shi cibiyar da ma'aikacinta ba shi da lokacin da zai ba shi. An gina ƙofa mai kyau da ɗan sanda a bakinta, ɗakin da take kaiwa kuwa rufinsa na yoyo.

Wannan ne ya sa nake sauraron kiraye-kirayen gwajin ƙwaya a Nijeriya da kunne biyu. Shugaban hukumar NDLEA, Buba Marwa, ya sha kira a riƙa gwada ɗalibai, masu neman muƙami, har da masu shirin aure. Damuwar ta gaskiya ce: binciken ƙasa na 2018, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabata. Amma ƙwayoyinmu daban ne. Tabar wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe ciwo irin su tiramadol da miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin da miliyan 2.4. Tiramadol siffarsa ta bambanta da ta mofin, kwaɗon da aka ƙera don hiroyin ba ya kama shi, sai an sayi nasa na musamman. Wiwi kuma tana iya zama a fitsarin mai yawan sha har makonni bayan ya daina, wato gwajin zai iya nuna wanda ya riga ya tuba.

Sai tambayar ɗakin. A binciken nan na 2018, kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda shansu ya fi haɗari sun ce suna buƙatar magani, akasarinsu kuma sun ce samunsa na da wuya, saboda tsada da kuma tsoron abin da mutane za su ce. Idan gwaji ya nuna yaro ya sha, asibitin da zai karɓe shi ya yi nisa ko ya fi ƙarfin aljihun iyayensa, ba a gida za su zuba masa ido ba, za su nemi inda za su kai shi. A Satumba 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, da yawansu iyaye ne suka kai su da kansu don a raba su da shaye-shaye. Cikin makonnin da suka biyo baya aka buɗe irinsa a Katsina da Kano.